Masaukin Yarima na Jinguashi da Sorayenmu na Zazzau

Filin Tambaya da Amsa

Hoton da muka buga a fitowar da ta gabata, na wani gidan katako mai baƙin rufi a tsakiyar lambu a tsibirin Taiwan, ya jawo wasiƙu fiye da yadda muka yi zato, kuma mafi yawansu daga nan Zariya suka fito. Na zaɓi guda uku da suka taɓo lamarin ta fuskoki dabam-dabam, na taƙaita su saboda ƙarancin fili.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗaliba ce mai karatun zanen gine-gine a Samaru. Rubutun da ke ƙarƙashin hoton ya ce Japanawa ne suka gina gidan a lokacin da suke mulkin Taiwan, kuma ya haura shekara ɗari. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, yaya gidan katako da takarda zai kai wannan shekaru a ƙasar da ruwa ba ya ɗaukewa, alhali a gidanmu ƙyauren katako ba ya shekara goma gara ba ta taɓa shi ba? Don Allah a yi mini bayanin yadda aka gina shi.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata, Allah ya ba da sa'ar karatu. Gidan da kika gani yana wani garin masu haƙar ma'adinai ne mai suna Jinguashi, a cikin duwatsun arewa maso gabashin Taiwan, babu nisa da tashar jiragen ruwa ta Keelung. Ma'anar sunan garin ita ce dutsen kabewa, saboda wani tsauni da ya yi kama da kabewa, wanda a jikinsa aka tarar da zinariya a ƙarshen ƙarni na 19. Japan ta karɓe Taiwan daga hannun daular Sin a 1895, bayan yaƙin da ya ƙare da yarjejeniyar Shimonoseki, ta riƙe tsibirin shekara 50 cif, har zuwa 1945. Ba a jima da karɓar ba aka ba wani attajirin Japan mai suna Tanaka Chobei izinin haƙar zinariyar Jinguashi, kuma kamfanin Tanaka ne ya gina wannan gida a 1922, domin ya zama masaukin Yarima Hirohito mai jiran gadon sarautar Japan, wanda ake shirin tarbarsa. Yariman ya zo Taiwan a watan Afrilun 1923, ya yi kwana 12 yana rangadi, amma bai taka Jinguashi ba. Duk da haka sunan ya bi gidan, har yau Masaukin Yarima ake ce masa, kuma manyan baƙin kamfani ne suka ci moriyarsa.

Idan kina son ki gane sirrin daɗewarsa, ki fara daga ƙasa, kamar yadda magini yake farawa. Irin wannan gida ba ya zama a kan ƙasa kai tsaye. Ana ɗaga daɓensa na katako sama, a bar sarari a ƙarƙashi inda iska take shiga ta fita dare da rana, sannan ginshiƙan su tsaya a kan dutse ko harsashin bulo, ta yadda ƙafar itace ba za ta sha danshin ƙasa ba. Japanawa sun sha wuya da gara a farkon zuwansu Taiwan, domin ta lalata musu gine-gine da yawa cikin 'yan shekaru, har gwamnatinsu ta sa masana irin su Oshima Masamitsu suka duƙufa kan nazarin halayenta. Abin da aka koya daga nan ya shiga tsarin gidajen da suka biyo baya: aka ƙara tsayin harsashi, aka yi shi da bulo da siminti, aka bar masa tagogin iska, aka riƙa shafa wa katako magani. Gara tana son duhu da laima da hanyar da babu mai ganinta, saboda haka gidan da mutum zai iya durƙusawa ya leƙa ƙarƙashinsa ya riga ya toshe mata rabin hanya. Ƙyauren gidanku kuwa, in kin duba da kyau, za ki tarar gindin madogararsa a binne yake cikin ƙasa ko cikin siminti mai riƙe ruwa, kuma ta nan ne ɓarnar take hawowa.

Sai ƙashin ginin. A ginin ƙasa irin namu bango ne yake ɗauke da nauyi, shi ya sa gindin katangar soro yake da kauri, ya riƙa sirancewa yana hawa sama. A ginin Japanawa ginshiƙai da katakan gicciye ne suke ɗauke da komai, bango kuwa sutura ce kawai. Kafinta yakan fafe rami a jikin wannan katako, ya fiƙe harshe a kan wancan, ya zura ɗaya cikin ɗaya, ya danne da ɗan turken itace, ba tare da ya dogara ga ƙusar ƙarfe ba. Wannan haɗi yana da amfani biyu. Na farko, a ƙasar girgizar ƙasa da guguwar teku, gaɓoɓin suna ɗan motsawa su koma mazauninsu maimakon su tsage. Na biyu, kuma shi ne ya fi shafar tambayarki, ana iya kwance ginin gaɓa-gaɓa, a cire abin da ya ruɓe, a mayar da sauran. Itacen da aka fi ji da shi a wannan aiki shi ne hinoki, mai wani mai a jikinsa da ƙamshi mai ƙarfi, wanda ƙwari da ruɓewa ba sa saurin kama shi. Yana fitowa a manyan tsaunukan Taiwan kamar Alishan, inda Japanawa suka shimfiɗa layin dogo na musamman da ya fara aiki a 1912 domin sauko da gungumomi. Matsayinsa a wurinsu shi ne matsayin azara a wurinmu, wadda maginanmu suka zaɓo daga giginya tun kaka da kakanni saboda gara ba ta iya mata.

Maganar takarda kuma, ruwa ba ya isa gare ta. Rufin na baƙin fale-falen yumɓu ne da ake gasawa, kuma bakinsa yana zarce bango sosai, kamar malafa a kan manomi. A ƙarƙashin wannan inuwa akwai wata baranda ta katako da ta bi gefen gidan, wadda suke kira engawa, a bakinta kuma akwai ƙyauraye masu zamewa, na gilashi da na katako, da ake ja a rufe idan hadari ya taso. Sai an wuce waɗannan ne ake isa ga shoji, wato siraran firam da aka manna wa farar takarda, masu tace hasken rana ya shigo ɗaki a tausashe. Takardar ba a yi ta don ta dawwama ba, domin a al'adarsu ana yage tsohuwa a manna sabuwa lokaci-lokaci, galibi a ƙarshen shekara. Inda ake buƙatar bango na sosai, sai a saƙa siraran sandunan gora, a yaɓa musu ƙasa cuɗaɗɗiya da ciyawa, a bi da farar ƙasa a sama, aikin da duk wanda ya taɓa ganin ana kwaɓar ƙasar gini a Zariya zai gane shi nan take.

Cikin gidan ma yana da nasa lissafi. Mai shigowa yakan tsaya a wani ɗan wuri mai ƙasa-ƙasa a bakin ƙofa, genkan, ya tuɓe takalmi kafin ya hau daɓe, kuma nan ne iyakar wanda ba a yi wa izinin wucewa ba, kusan aikin da zaure yake yi a gidan Bahaushe. Daɓen ɗakuna an shimfiɗe shi da tatami, wata tabarma mai kauri wadda cikinta karan shinkafa ne, tsawonta kusan santimita 180, faɗinta kusan 90, kuma da ita ake auna ɗaki, a ce ɗaki mai tabarma shida ko mai takwas. Ke da kike karatun zane, ki lura da wannan: ma'auni guda ne yake tafiyar da faɗin ɗaki da tazarar ginshiƙai da girman ƙofa, shi ya sa ido yake samun natsuwa a ciki ko da babu kujera ko ɗaya. Tsakanin ɗaki da ɗaki akwai fusuma, ƙyauraye masu zamewa da ake iya cirewa baki ɗaya a mayar da ɗakuna uku falo guda ranar taro, a samansu kuma akwai sassaƙaƙƙen katako mai huji-huji da iska take ratsawa. A ɗakin manyan baƙi akwai wani ɗan lungu da ake kira tokonoma, inda ake rataye rubutu ko zane guda a ajiye fure, kuma baƙon da ya fi daraja shi ake zaunarwa a gabansa. Da yake gidan na zamanin da manyan Japan suke kwaikwayon Turawa ne, a bayansa an yi ɗan filin wasan golf da wurin harbin kibiya, a gabansa kuma lambu mai tafki irin nasu na gargajiya.

Duk wannan hikima, 'yata, da ba ta kai gidan yau ba in da babu mai kula. Bayan yaƙi kamfanin ma'adinai na gwamnatin Taiwan ya ci gaba da saukar baƙi a cikinsa, da kamfanin ya rufe a 1987 kuma sai gidan ya koma hannun kamfanin wutar lantarki, wanda ya gyara shi, daga baya ya shiga cikin harabar gidan tarihin zinariya da aka buɗe a 2004. Shekara da shekaru masu ziyara suna zagaya lambun ne kawai suna leƙa ɗakunan ta taga, saboda daɓen katako ba zai jure dubban ƙafafu ba. Masu gyaran irin waɗannan gidaje suna bin wata hanya da ta burge ni ƙwarai. Idan gindin ginshiƙi ya ruɓe ba sa jefar da shi, sai su tallafe ginin, su yanke ruɓaɓɓen wurin kaɗai, su sassaƙo sabon guntu daga irin itacen, su haɗa shi da tsohon. Idan aikin babba ne, sukan sa wa kowane katako lamba, su kwance gidan, su duba ɗaya bayan ɗaya, su mayar. Wahalar da suke fuskanta yanzu ita ce samun itacen, domin tun farkon shekarun 1990 Taiwan ta hana saran dazuzzukanta na asali, don haka kowane tsohon katakon hinoki ya zama abin tattali.

Wannan hanya ta taɓa jawo muhawara tsakanin masana na duniya. Yarjejeniyar Venice ta 1964 kan adana tsofaffin gine-gine an tsara ta ne da tunanin ginin dutse irin na Turai, inda ake ɗaukar asalin kayan ginin a matsayin ma'aunin sahihanci, har wasu suka riƙa shakkar ko ginin da aka sauya wa katako sau da yawa yana nan a matsayin tsohon gini. A taron da aka yi a birnin Nara na Japan a 1994 aka amince cewa sahihanci yana iya kasancewa a cikin tsari da sana'a da amfani da al'adar da ta haifi ginin. Ki riƙe wannan da kyau, domin mu ma ya shafe mu: soron da ake sake wa yaɓe duk shekara bai rasa asalinsa ba, kamar yadda babban masallacin Jenne na ƙasar Mali, wanda mutanen gari suke haɗuwa su yaɓe kowace shekara, bai rasa nasa ba.

Tambaya: Malam, ni tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne, na yi ritaya a Sabon Gari, shekaruna sun haura tamanin. Na ga hoton, kuma ban ji daɗinsa ba. Mahaifina yana cikin waɗanda aka kwasa aikin dole zuwa haƙar kuza a lokacin yaƙin Hitila, ya dawo da tarin da bai rabu da shi ba har ya rasu. Mutanen da aka mallaka, me zai sa su kashe kuɗinsu wajen gyara gidan wanda ya mallake su? Ba gara a rushe a huta da ganinsa ba?

Amsa: Baba, Allah ya ƙara girma, Allah ya jiƙan mahaifinmu, ya sa wahalar da ya sha ta zama kaffara. Tambayarka ba ta ƙiyayya ba ce, ta wanda ya ga abin da idonsa ce, kuma mutanen Taiwan da na Koriya sun yi wa kansu ita kafin mu. Abin da ya faru da mahaifinka, wanda iyayenmu suke kira ɗiban gwamna, irinsa ya faru a Jinguashi ɗin nan a daidai waɗannan shekaru. Daga 1942 zuwa 1945 sojojin Japan sun tsare fursunonin yaƙi fiye da dubu a wani sansani da ke garin, wanda suke kira Kinkaseki, yawancinsu sojojin Birtaniya da aka kama a Singafo, aka riƙa tura su cikin ramukan tagulla masu tsananin zafi, da yunwa da duka, da yawa suka mutu a can. Kafin su da bayansu kuma 'yan ƙasa ne suke shiga ramin, suna shaƙar ƙurar dutse mai cinye huhu, suna kwana a cunkushe, alhali manyan ma'aikata Japanawa suna zaune a unguwarsu ta dabam. Kuɗin da ya sayi katakon Masaukin Yarima daga wannan rami ya fito.

Ƙasashen biyu sun gwada rushewa. A birnin Seoul, Japanawa sun gina babban ofishin gwamnansu a gaban fadar sarakunan Koriya ta Gyeongbokgung, suka kammala shi a 1926, ya tare fadar daga idon jama'a. Koriya ta Kudu ta fara rushe shi a 1995, shekara 50 da samun 'yanci, ta gama a 1996, kuma ni ban ga laifinta ba, domin an dasa ginin ne a wurin da gangan don a wulaƙanta masu ƙasa, kuma rushe shi ne ya ba da damar dawo da martabar fadar. A Taiwan ma, bayan hulɗar jakadanci ta yanke tsakanin Japan da gwamnatin tsibirin a 1972, an ba da umarni a 1974 a kawar da abubuwan da ke nuna fifikon daular Japan, aka rurrushe wuraren bautarsu da dama. Amma ofishin gwamnan Japan da ke Taipei, wanda aka gama a 1919, shi ne fadar shugaban Taiwan har gobe. Dokar kare kayan tarihi ta zo a 1982, sannu a hankali ra'ayi ya sauya, musamman bayan girgizar ƙasar 21 ga Satumbar 1999, wadda ta rusa tsofaffin gine-gine masu yawa da ba su cikin rajista, har ta sa aka faɗaɗa dokar. Wani lokaci ma yara ne suka ja gaba: a unguwar Beitou, ɗaliban wata firamare da malamansu ne suka ci karo da wani yasasshen gidan wanka na 1913, suka rubuta takardar koke, aka gyara shi, ya zama gidan tarihi a 1998.

Ra'ayina, Baba, shi ne gidan mai mulkin mallaka shaida ne, kuma wanda aka zalunta ya fi kowa buƙatar shaidarsa ta rayu. Yaron da aka kai Jinguashi yau zai ga lambun yarima, ya taɓa dunƙulen zinariya mai nauyin kilo 220 da ke gidan tarihin, ya shiga ramin da aka buɗe wa baƙi, sannan ya gangara wurin da sansanin fursunoni yake a da, inda aka kafa bangon tunawa mai ɗauke da sunayensu. Tafiyar da zai yi da ƙafarsa daga wannan zuwa wancan za ta koya masa abin da littafi zai daɗe bai koya masa ba, domin gani ya kori ji. Sharaɗin kawai shi ne a faɗi labarin duka. Idan aka gyara gidan aka mayar da shi wurin shan shayi da ɗaukar hoto, aka yi shiru game da ramin, to a nan ƙorafinka ya tabbata, kuma ni ma ina bayanka.

Mu dawo gida. Turawa sun shigo Zariya a 1902, sun tuɓe Sarki Kwasau, daga baya suka tuɓe Sarki Aliyu Ɗan Sidi, dukansu aka kai su Lakwaja. Jirgin ƙasa ya iso a 1911, kuma daga nan Zariya ne ƙaramin layin dogo ya tashi zuwa Jos domin jigilar kuza, har aka rufe shi a 1957. Kai ka fi ni sanin yadda gidajen reluwe suke: na Bature mai baranda da fili da ɗakin kuku a baya, na ma'aikacin ƙasa kuwa ɗaki ɗaya ko biyu a jere da makewayi na tarayya. Jikanka da bai taɓa ganin Bature mai mulki ba, idan ka tsayar da shi tsakanin waɗannan gidaje biyu, ba sai ka yi dogon bayani ba. Ranar da aka rushe su aka jera shaguna, maganarka za ta koma labarin tsofaffi da mai so ya yarda, mai so ya musa. Kuma kada mu manta, hannun da ya ɗora tubalin nan hannunmu ne. Cocin Wusasa da aka gina a 1929 maginan Hausa ne suka tayar da shi da ƙasa da azara, haka Gidan Ɗan Hausa da ke Kano, inda Bature Hanns Vischer, wanda ake wa laƙabi da Ɗan Hausa, ya zauna, ginin ƙasa ne irin namu, kuma yau gidan tarihi ne. Ina roƙonka, Baba, tun da Allah ya ba ka tsawon rai da ƙwaƙwalwa, ka sa wani daga cikin jikoki ya ɗauki muryarka a waya kana faɗin wane ne ya zauna a wane gida, da abin da mahaifinka ya ba ka labari na ramin kuza.

Tambaya: Malam, muna da soron gado a cikin birni, wajen Ƙofar Doka, wanda kakanmu ya gina, mai bakan gizo da zankwaye. Daminar bara ya fara yoyo ta kusurwa ɗaya. 'Yan'uwa sun kasu biyu, wasu sun ce a shafe shi da siminti a ɗora kwano, wasu sun ce a rushe a yi na bulo. Mene ne darasin gidan Japanawan nan a gare mu?

Amsa: Ɗan'uwa, yoyon kusurwa ɗaya bai kai a yi maganar rushewa ba, amma ya kai a tashi tsaye, domin sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Ina yaro a cikin birni, duk shekara kafin ruwan farko, wani dattijon magini yakan zo gidanmu da yaransa biyu. Yakan hau rufin soro ba takalmi, yana takawa a hankali yana saurare da tafin ƙafarsa, inda ya ji ƙasa ta yi laushi ya durƙusa ya tona da yatsa. Daga nan ya zare ciyawar da ta tsiro, ya zura sanda cikin kowane indararo ya fitar da sheƙar tsuntsu da busasshen ganye, yaran kuma suna ƙasa suna kwaɓa makuba, warinta ya cika gidan. Aikin yini biyu ne, kuma shi ne ya riƙe soron har shekarar da aka daina kiransa. Abin da mai manna takardar shoji da mai duba fale-falen rufi suke yi a Jinguashi ke nan, babu bambanci.

Siminti a jikin bangon ƙasa shawara ce da nake tsoro. Ƙasa tana shan danshi ta fitar, siminti kuwa ba ya barin ta ta yi numfashi, kuma ba sa buɗewa da tsukewa tare idan zafi da sanyi suka sauya. Bayan 'yan shekaru sai siminti ya yi tsaga kamar gashi, ruwa ya shiga ta baya ya rasa hanyar fita, bango ya riƙa narkewa a ɓoye fuskarsa tana nan sumul, har ranar da ɓawon zai zubo gaba ɗaya. Kakanninku da makuba suka yi, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, masu hali kuma da laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara. Kwano a sama yana iya zama ceto na wucin gadi idan babu yadda za a yi, muddin bakinsa ya zarce bango sosai kuma an bar iska tana ratsawa tsakaninsa da tsohon rufin. Kusan haka aka yi wa Masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu na zamanin Sarki Abdulkarimu, wanda a shekarun 1970 aka lulluɓe da sabon gini: a lokacin bakan gizonsa sun tsira a ciki, amma wasu sassan sun tafi, kuma sabon ginin ya rufe asalinsa daga idon mai wucewa a waje.

Sabon gini a madadin tsoho kuwa ba ya mayar da abin da aka rasa. A tsaunin Yangmingshan kusa da Taipei akwai wani gidan da kamfanin sukari ya gina a zamanin Japanawa, wanda Chiang Kai-shek, tsohon shugaban gwamnatin tsibirin, ya zauna a ciki da ya iso Taiwan a 1949. Gobara ta cinye shi a watan Afrilun 2007, aka sake gina shi aka buɗe a 2011, kuma an iya yin hakan ne saboda akwai hotuna da awo, amma tsohon katakon ya riga ya zama toka. Saboda haka, kafin ku taɓa komai, ku ɗauki hoton soron ciki da waje, kowane baka da kowane zane, ku auna shi ku rubuta. Ku duba wayoyin lantarkin da aka bi da su ta jikin azara, ku janye buhunan hatsi da itacen girki daga gindin bango, ku gyara magudanar ruwan titi idan ta fi daɓen soron tudu. Sannan ku nemi tsohon magini ta hannun Sarkin Magina ko dattawan unguwa, ya buɗe kusurwar da ke yoyo ya ga ko azarar tana da rai, in guda biyu ko uku ne suka mutu a sauya su kaɗai. Ku haɗa shi da wani matashi daga cikin gidan da zai tsaya a gefensa har a gama, ku kuma yanka wani abu da kowane magaji zai riƙa bayarwa duk shekara domin yaɓe. A fara aikin da rani, a gama shi kafin ƙarshen watan Afrilu, yadda makubar za ta samu rana ta bushe kafin hadarin farko.